Komik Ɗin da Baba Ya Kai Laminatin

A gidanmu na Jushi, duk takardar da take da daraja sai an sa ta a roba. Takardar baftismarmu, ta gama firamare, hoton auren Baba da Mama, har takardar sallamar da aka ba Baba ranar da ya ajiye allin koyarwa, duka an kai su Samaru an yi musu laminatin. A sa takarda tsakanin roba biyu, a tura ta cikin inji mai zafi, ta fito a manne tana ƙyalli, ruwa ba ya jiƙa ta, gara ba ta cin ta. Ba mu kaɗai ba ne kuma. Kowane gida a layinmu haka yake, wanda kuwa ya bar satifiket ɗinsa tsirara a jaka, kallon sakarai ake yi masa.

Abin da ya tsira daga robar nan shi ne komik ɗin Baba, su ma don sun yi yawa ne. Littattafan zane ne na Turawa, 'yan sirara, masu labarin jarumai da ke rufe fuska su sa matsattsun kaya, su yi ta dukan ɓarayi a kan rufin benaye. Kafin Baba ya zama malamin makaranta, yana saurayi ya yi aikin lambu a gidan wani Bature da ke koyarwa a jami'a. Baturen tun yana yaro ya tara su, ya taho da su har Samaru, ranar da za su koma ƙasarsu matarsa ta ce ba za ta biya kuɗin jirgi a kan shirme ba. Sai ya tura wa Baba akwatin ƙarfen gaba ɗaya. Baba ya ajiye shi a ƙarƙashin gadonsa shekara da shekaru, da kafur da busasshen ganyen dogon yaro a ciki. Ran Lahadi bayan an taso daga coci yakan buɗe, amma sai ka wanke hannu da sabulu ya duba, kamar za ka shiga ɗakin tiyata.

Ni ba su taɓa burge ni ba. Ƙato da shi ya sa wandon ciki a kan dogon wando, wai shi ne zai ceci duniya. Yayana ne ya mutu a kansu. Mu biyu ne wurin iyayenmu, shi babba, ni auta, kuma daga komik ɗin nan ya koyi zane har ya zama sana'arsa. Shi ne mai rubuta allunan shaguna a Sabon Gari. In ka ga allon mai aski ko na mai sayar da taya da mutum a jiki, ƙirji kamar ƙofar shago, haɓa kamar an sassaƙa, to aikin Yaya ne. Har wata mai abinci ta taɓa dawo masa da allo, ta ce matar da ya zana tana riƙe da faranti kamar za ta fasa wa wani kai da shi.

A shekarun da wayar hannu ta fara yawa, ana zuwa ƙarƙashin lema a biya a yi kira, ƙafafun Yaya suka fara kumbura. Ya ce tsayuwa a kan tsani ce. Daga baya fuskarsa ta bi, idanunsa suka shige. Da aka kai shi asibiti likita ya ce ƙodojinsa duka biyu sun daina aiki, hawan jini ya daɗe yana cin su a ɓoye. Abin da ya rage shi ne wankin ƙoda, a jona shi da inji a tace jininsa, bayan 'yan kwanaki a sake. Kuma ba a jona mutum sai an biya.

Ban taɓa ganin abu mai yaudara irin injin nan ba. Ranar da aka wanke shi, Yaya zai dawo gida kamar ba shi ba, ya nemi tuwo, ya tsokane ni cewa har yanzu ban samu mijin da zai iya da bakina ba. Kwana kaɗan sai kumburin ya dawo, shaƙuwa ta kama shi ba ta saki, numfashinsa ya riƙa zarni. Kowa a gidan ya san lissafin ba sai an faɗa ba: muddin akwai abin biya, Yaya yana nan. Mama ta sayar da keken ɗinkinta. Aka yi baiko na musamman a coci, zumuntar mata suka kawo nasu a ƙulle a gefen zane. Aka sayar da babur ɗin Yaya, da tsaninsa, da sauran gwangwanayen fenti. Kafin a shiga watan Kirsimeti mun kai ga bango.

Akwai wani mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin kasuwar Sabon Gari, mutumin Kudu ne amma haifaffen nan, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Yaya ne ya rubuta masa allo. Mai littattafan ya zo dubiya wata rana ya tarar da komik ɗaya a kan gadon Yaya, don tun da ciwon ya kwantar da shi Baba ya sassauta dokar ran Lahadi. Mutumin ya ɗauka, ya duba shekarar da aka buga. Sai ya tambaya ko akwai wasu. Da aka jawo akwatin aka buɗe, ya ce shi dai ba zai iya saye ba, amma a ƙasashen waje akwai manyan mutane masu furfura da ke neman irin waɗannan kamar zinariya, kuma ya san wani a Legas da ke saya musu.

Na ɗauka surutun 'yan kasuwa ne. A lokacin ina aikin buga wa ɗalibai furojet a wani shago a Samaru, kusa da mu kuma akwai kafe na intanet. Na sayi lokaci na zauna. Shafi ɗaya sai ya yi ta jan ƙafa kafin ya buɗe, hoto yana saukowa daga sama kaɗan-kaɗan. Da ya gama saukowa sai ga bangon da na sani tun ina yarinya, wanda Yaya ya kwafa har ya haddace. Farashin da ke ƙarƙashinsa kuwa, na ɗauka injin ne ya ƙara sifiri. Abin da na iya fahimta shi ne, tsufa kaɗai ba ya sa su tsada. Sai wanda shi ne fitowar farko, ko wanda a cikinsa aka fara nuna wani jarumi, kuma yara sun yayyaga yawancin 'yan'uwansa tun tuni, saura kaɗan a duniya. A cikin akwatinmu akwai irin waɗannan, ba ɗaya ba. Na sa aka buga mini shafukan, na hau bas zuwa gida.

Na aika wa masu saye na waje imel har na gaji. Ba wanda ya amsa. A shekarun nan, saƙo daga Najeriya mai cewa ga dukiya a tsohon akwati, ga kuma marar lafiya a kwance, ko ni aka aiko wa ba zan amsa ba. Sai muka koma kan mutumin Legas. Na ɗauki hoton bangayen na aika masa, washegari ya kira lambar mai lema na layinmu da kansa. Ya ce zai zo da zarar an gama bukukuwa, kada mu nuna wa kowa.

Shafukan da na bugo, Baba ne ya riƙe su. Ya sa tabarau ya yi ta nazarinsu kamar takardar jarrabawa. A kowane hoto, komik mai tsadar yana cikin roba mai ƙyalli, an rufe shi ruf ta kowane gefe, da 'yar takardar shaida a sama. Baba ya kira ni ya nuna mini da yatsa.

"Auta, kin gani? Su ma laminatin suke yi. Shi ya sa nasu ya yi daraja."

Na duba, na ga roba, na ce haka ne. Mama ta duba ta ce haka ne. Mai littattafan da kansa bai taɓa ganin abin da idonsa ba, sai a hoto. Namu kuwa ga tsatsa ta fito a wurin 'yan wayoyin da suka riƙe tsakiya, gefuna sun yi ja-ja, wasu kusurwoyi sun lanƙwashe. Baba mutum ne da ba ya kai keke kasuwa sai ya wanke shi ya shafa masa mai. Ya ce baƙo ba zai taso tun daga Legas ya tarar da tsummoki ba, a kuma karya mana farashi a kan ƙazanta.

A Samaru akwai wani mai bayindin, wanda ke ɗinke wa ɗalibai furojet a baƙin bango ya rubuta suna da ruwan zinariya. Tsohon ɗalibin Baba ne, Baba ya koya masa karatu a aji ɗaya. Da ya ji abin da ake ciki sai ya ture aikin ɗalibai gefe, ana tsakiyar rububi, ya ce ko sisi ba zai karɓa ba. Lokaci ya ƙure, ba za a iya yi wa duka akwatin ba, sai Baba ya zaɓo mafi tsufa, waɗanda suka yi daidai da hotunan, ya ce a fara da su. Mutumin nan ya yi aiki da zuciya ɗaya. Ya cire wayoyin da suka yi tsatsa, ya raba kowane littafi ta tsakiya, ya tura shafi bayan shafi cikin injin. Ya datse gefunan da suka yi ja da injin yanka, suka fito daidai wa daida. Sannan ya huda, ya ɗinke su rukuni-rukuni cikin bango mai kauri, ya rubuta sunan Baba a goshin kowanne da ruwan zinariya.

Ranar da aka kawo su gida sai da maƙwabta suka shigo kallo. Launukan sun fito kamar yau aka buga su. Wani dattijon ikilisiya ya ɗora hannu a kansu ya yi addu'a. Ni kaina na yaba, na ce yanzu ne suka yi kama da abin kuɗi. Rabon da in ga Baba yana dariya har haƙoransa na gefe su fito tun kafin ciwon Yaya. Ya yi Kirsimetin nan da ƙarfinsa, shi ya ja waƙa a coci. An tsallake wanki ɗaya a makon don babu abin biya, amma ba wanda ya tayar da hankali, tunda mutumin Legas yana hanya.

Ya iso da safe, mai littattafai ya rako shi. Matashi ne mai sanyin murya, da 'yar jaka a kafaɗa. Mama ta yanka kazar da ta rage ta dafa shinkafa. Aka fito da Yaya falo aka jingina shi da matasai, ƙafafunsa a kan kujera 'yar tsugunne, don ya ce ba za a yi cinikin kansa yana ɗaki ba. Bayan an gaisa baƙon ya buɗe jakarsa ya fito da farar safar hannu ya sa. Na ce a raina, wannan ya fi Baba tsanani.

Baba ya yaye zanen da ya rufe tebur da shi. Baƙon ya dubi baƙaƙen littattafan nan masu ruwan zinariya, ya yi murmushi, ya ce suna da kyau, amma ina waɗanda ya gani a hoto? Baba ya ce ai su ne, ya buɗe masa na sama da hannunsa.

Mutumin ya daɗe yana kallon shafin. Ya juya na gaba, robar ta yi ƙara. Ya shafa gefen da aka datse, ya leƙa wurin ɗinkin. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku. Sai ya cire safar hannun a hankali ya mayar cikin jaka, ya tambaya yaushe aka yi wannan aikin. Baba ya ce satin Kirsimeti, saboda zuwansa.

Nan raina ya ɓaci. Na girma ina shiga kasuwar Sabon Gari, na san mai saye da ke ɓata fuska ya kushe kaya don ya saya a banza. Na ce masa kada ya kawo mana wayon Legas, mun ga farashi da idonmu, mun kuma ga nasu a cikin roba kamar namu. Na faɗi maganganu da yawa, Mama tana jan zanena. Bai yi fushi ba. Ya karɓi shafin da na bugo ya nuna mana hoton, ya ce wannan ba laminatin ba ne, ɗan akwati ne na roba mai tauri. Littafin yana kwance ne a ciki kawai, ba abin da ya manne masa, in an fasa akwatin zai fito yadda aka sa shi. Masu tara komik, in ji shi, abin da suke biya shi ne littafin yadda ya fito daga maɗaba'a, da wayoyinsa, da gefunansa, da tsatsarsa ma. Jan gefe da lanƙwasa suna rage daraja, amma ana saye. Wanda aka raba, aka datse, aka gasa cikin roba, ba mai ɗauka.

Na jira ya taya, ko da tayin wulaƙanci ne, in samu abin riƙewa. Bai taya ba. A nan na gane ba wayo ba ne.

Baba yana tsaye har lokacin, hannunsa a kan littafin. Malamin makaranta ne, ba ya barin tambaya ba amsa.

"Ɗana, da ban taɓa su ba fa?"

Baƙon ya dubi Yaya, ya dubi ƙasa. "Baba, a bar wannan maganar."

"A'a. Ka faɗa mini."

Baƙon ya ja littafin farko, ya buɗe inda wani bango yake, ya ɗora yatsa. Ya ce ba zai yi rantsuwa ba, kasuwa tana hawa tana sauka. Amma wannan ɗaya, yadda ya gan shi a hoton da na aika, da ya isa a kai marar lafiyan inda ake dashen ƙoda a dawo da shi.

Shinkafar Mama tana kan tebur a rufe. Yaya ne ya fara magana, shaƙuwa tana yanke masa kalmomi.

"Baba, sun yi kyau fa. Ni ban taɓa ganin launinsu haka ba."

Sai ya ce in taimaka masa ya koma ɗaki, ya gaji da zama.

Baƙon ya duba sauran da suka rage a akwatin, waɗanda Baba ya raina bai kai Samaru ba. Na baya-bayan nan ne, irinsu suna da yawa a duniya. Ya saye su duka, kuma na tabbata ya biya fiye da darajarsu, don bai iya haɗa ido da kowa ba lokacin da yake miƙa kuɗin. Bai ci abincin ba. Da yamma ya hau mota ya koma.

Mai bayindin ya zo washegari, ya durƙusa a ƙofar falo yana kuka kamar ƙaramin yaro. Baba ya ɗaga shi ya ce aikinsa ba shi da aibu, abin da aka sa shi ya yi. Gaskiya Baba ya faɗa. Duk da haka kullum sai na wuce ta gaban shagonsa in za ni aiki, kuma har na bar Samaru bakina bai iya gaishe shi ba. Haushi nake ji da ba shi da mai shi. Na ji haushin Baturen, na ji na matarsa, na ji na mutanen da ke da kuɗin zubawa a kan tsatsar waya alhali yayana yana kumbura a kan tabarma.

Kuɗin mutumin Legas ya kai mu ɗan lokaci. Aka fara nisanta wankin, daga nan aka ƙara nisantawa, har ranar da Mama ta dawo daga asibiti da Yaya ba a jona shi ba. Bai sake tambayar yaushe za a koma ba. Bai kuma taɓa tayar da maganar komik ba, ko sau ɗaya, kuma in Baba ya shigo ɗakin sai ya yi ƙoƙarin gyara zama ya nuna da sauƙi. Baba shi ke yi masa wanka, shi ke juya shi. Sun yi ta hirar ƙwallo da ta mutanen coci, komai ban da abin da ke cikin ransu. Yaya ya rasu da hantsi, ana cikin azumin da ke gaban Ista, Mama tana riƙe da kansa.

Bayan an yi jana'iza, baƙi sun watse, an mayar da bencinan coci, na koma aiki. Wata rana aka ɗauke wuta a Samaru na dawo gida da wuri. Na tarar da Baba a bayan gida, a inuwa, ya farke ɗinkin littafi ɗaya. Ga dutsen guga na gawayi a gefensa, ga reza a hannunsa. Yana ɗora tsumma a kan shafi ya danna dutsen, sannan ya sa bakin rezar a kusurwa ya ɗaga robar a hankali. Tana ɗagowa da zanen a jikinta, fuskar jarumin da launin da rubutun duka, ta bar farar takarda mai gashi-gashi. A ƙasa kusa da ƙafarsa akwai irinsu da yawa. Ashe ya daɗe yana yi in ba na nan.

Na tsuguna na riƙe hannunsa. Na ce, "Baba, ai an riga an binne shi."

"Na sani," in ji shi, bai ɗago ba. "So nake in ga ko da zai yiwu a ɓare robar tun yana da rai."

Na sake shi. Ya ɗauko wani shafin ya shimfiɗa tsumma a kai. Na zauna a gefensa ina hura masa gawayin, ina roƙon Allah a zuciyata kada ko ɗaya ya fita lafiya.